Raspberry Pi ɗina na mutuwa duk lokacin da injin juya ƙwai ya tashi

Mai Zabi, Jega:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa na'urar ƙyanƙyasa a cikin tsohon firij, ina so in gama kafin damina ta kankama, lokacin da zabi ke zuba ƙwai ana samunsa da araha. Kayan da ke hannuna su ne ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 3B+, DHT11 mai auna zafi da danshi, rile (makunnin da Pi ke sarrafawa) mai gida biyu, ƙwan fitilar mota biyu don ɗumama ciki, fankar kwamfuta, sai injin waifa na mota da zai riƙa karkata tiren ƙwai. Duka suna kan batir ɗaya na 12V da sola ke caja, shi kuma Pi yana shan wuta ta cajar waya irin ta mota.

Da zarar injin waifa ya tashi sai jar fitilar Pi ta ɗauke, wani sa'in ma ya mutu ya sake tashi. Sannan DHT11 na nuna digiri 37, ma'aunin zafi na asibiti da na ajiye kusa da shi na nuna kusan 39. Wanne zan gaskata? Ban zuba ƙwai ba tukuna.

Ɗan Aliero:
Wa alaikumus salam. Jar fitilar nan ta gama faɗa maka ciwon: tana ɗaukewa ne idan wutar da ke shiga ta yi ƙasa da kusan 4.63V. 3B+ na son 5V da 2.5A tsayayyu, cajar mota ta kasuwa kuwa abin da aka rubuta a jikinta daban, abin da take bayarwa daban. Injin waifa na fizgar wuta da yawa a lokacin tashi. Rubuta wa Pi umarnin vcgencmd get_throttled, in 0x50000 ko 0x50005 ya fito to magana ta tabbata.

Nemi ƙaramin allon rage wuta mai ƙarfin 5A, ka ja masa wayarsa shi kaɗai tun daga kan batir, da fis. Kada ya raba waya da injin. Wayar USB ɗin ma ta zama gajera mai kauri. Shi kuma rilen, cire 'yar jampar JD-VCC ka ba shi 5V ɗinsa daban, ka sa diyod a bakin injin.

DHT11 kam ajiye shi, kuskurensa na kai digiri 2 sama ko ƙasa. DS18B20 mai auna zafi ya fi shi, kuskurensa rabin digiri ne, ana haɗa shi a ƙafar GPIO4 ta Pi da resista 4.7k. Amma shi ma na asibitin kada ka rantse da shi, domin zafi mafi yawa da ya taɓa gani yake riƙewa.

Baba Mai Kaji, Birnin Kebbi:
Yaro, ni ban san Pi ba, ƙwai na sani. Na kaza kwana 21, na zabuwa 26 zuwa 28, zafi 37.5 in da fanka. In zafi ya ɗan sauka na sa'a guda ɗan tsako kan jure, ai uwar ma tana tashi cin abinci. In ya haura 40 ya daɗe, ka dafa su. To me zai faru in kwamfutarka ta sanƙare da tsakar dare alhali fitila na kunne? Akwai ɗan allo W1209, aikinsa ke nan kunnawa da kashewa gwargwadon zafi, da 12V yake aiki. Ba shi fitilun. Kwamfutar ta tsaya ga juyi da rubuta lissafi.

Kwana uku kafin ƙyanƙyasa a daina juyi, a ƙara farantin ruwa danshi ya kai 65 zuwa 70, don ɓawon ƙwan zabi tauri gare shi. In kuma ka ce za ka sa na kaji a watan Afrilu, zafin garin nan kan wuce 40, sanyaya firij ɗin zai zama aikinka.

Mai Zabi, Jega:
Allah ya ƙara girma Baba, zan nemo W1209 ɗin. Ɗan Aliero, saura ɗaya: in batir ya ƙare Pi ya sake tashi, agogonsa na rikicewa, juyin bayan sa'a huɗu-huɗu da na tsara sai ya ɓace. Babu intanet a gidan.

Ɗan Aliero:
Haka yake, 3B+ ba shi da agogon da ke riƙe lokaci in wuta ta yanke, sai a Pi 5 aka sa. Sayi allon agogo DS3231 mai ɗan batirinsa, wayoyi huɗu ne ta hanyar haɗin I2C. Ka kuma kunna overlay (mai hana rubutu a kan katin) a saitin raspi-config don yankewar wuta kada ta lalata maka katin memori, lissafin zafin ya riƙa tafiya cikin filas na USB. Danshi kuma, SHT31 mai auna shi zai iya hawa kan wayoyin agogon nan. In ka gama, bar shi ya yi kwana biyu babu ƙwai, ka turo mana lambobin da ya rubuta, musamman na tsakanin azahar da la'asar.