Muhawara: Fim ɗin Hypocrites na 1915 wa'azi ne ko tallar tsiraici?

Malam Sani: Ra'ayina shi ne fim ɗin Hypocrites, marar sauti, wanda Lois Weber ta rubuta kuma ta ba da umarni a Amurka a 1915, ya faɗa cikin laifin da yake zargin wasu da shi. Labarin wani fasto ne da ya yi wa masu hannu da shuni huɗuba a kan munafunci, suka yaba masa a gaban idonsa, suka koma gefe suna neman ya ajiye aiki. Wannan kaɗai ya isa labari. Sai kuma aka kawo Gaskiya a siffar mace tsirara, wadda Margaret Edwards ta fito a matsayinta. Wanda ya san tsiraici zai cika gidan kallo, ya saka shi, sannan ya ce wa'azi yake yi, wane suna ya dace da shi?

Hajiya Rabi: Malam, ina ganin ka yi saurin yanke hukunci. An ɗora hotonta ne a kan wani hoton, ta fito dishi-dishi ana hango itatuwa ta cikin jikinta, kuma aikinta shi ne riƙe madubi. Abin da madubin ya nuna shi ne zuciyar fim ɗin: ɗan siyasa yana yi wa jama'a alkawarin riƙon amana, amma a cikin madubin ga shi yana karɓar cin hanci. Haka ta leƙa soyayya da zaman iyali da shagalin manyan gari. Weber ta yi wa'azi a tituna tun tana budurwa, kuma a 1916 ta yi Shoes, labarin yarinya mai aikin kanti da talauci ya kai ta ga sayar da mutuncinta saboda takalmi. Mai neman kuɗi da tsiraici ba ya ɓata lokacinsa a kan takalmin da ya huje.

Aminu: Hajiya, na yarda niyyarta tana da kyau, amma niyya daban, sakamako daban. Jihar Ohio ta hana nuna fim ɗin, magajin garin Boston, James Curley, ya nemi a zana wa Gaskiyar tufafi, sai surutu ya koma kan jikin mace. Attajiran da aka yi domin su suka tsira, domin an ba su abin da za su yi ihu a kai.

Hajiya Rabi: Aminu, ai hujjata ka ƙarfafa. A cikin fim ɗin akwai wani mai zuhudu na zamanin dā da ya sassaƙa mutum-mutumin Gaskiya, ranar da aka yaye mayafinsa jama'a suka fusata suka kashe shi. Weber ta hango irin martanin da za ta samu, ta saka shi a labarin tun kafin ya faru.

Malam Sani: Wannan ne ma ya fi damuna, Hajiya. Ta tsara labarin yadda duk wanda ya ce ba ya son kallon tsiraici ya zama munafuki kai tsaye, alhali akwai mai kunya ta gaskiya wanda bai taɓa karɓar cin hanci ba. Fim ɗin bai ware wa irin wannan mutum wuri ba, ya haɗa shi da ɗan siyasar madubin ya yi musu kuɗin goro.