Aikin odita na cikin kamfani da yawan tafiya ƙasashe

An yi wata hira kan yadda mutum zai samu aikin odita na cikin kamfani mai yawan tafiya ƙasashe. Abin da na tsinto a hirar dai, yawanci cewa suka yi ka fara da ɗaya daga manyan kamfanonin odita, wato Deloitte, PwC, KPMG ko EY, ka goge, sannan ka tsallaka kamfani mai rassa a ƙasashe, su ke tura odita waje. Takardar CIA (Certified Internal Auditor, shaidar ƙwarewar odita na cikin kamfani) aka fi ambata, jarrabawa kashi 3 ce, in kuma harkar kwamfuta ta fi maka to CISA, takardar masu odita na tsarin kwamfuta. Wani ya dage kan koyon Faransanci, kuma gaskiyarsa. Amma fa ba yawon buɗe ido ba ne, daga otal sai ofis kana fama da rasit da manajan da ke ja maka rai kan fayil, ga iyali na ƙorafi a waya. Biza ma a nema da wuri.