Ina son haɗa fodkas mai ɗanɗanon rediyon da, ta ina zan fara?

Mai Sauraro:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin fara fodkas a kan rediyon da, irin na zamanin da ake kama Rediyon Kaduna a mita 49 ana jiran Zaɓi Sonka da Jakar Magori. Akwai kaset-kaset da aka ɗauka daga rediyo a shekarun 1980, wasu waƙoƙi ne, wasu gaishe-gaishe. Tambayoyina uku: yaya ake juye kaset zuwa kwamfuta ba tare da an lalata shi ba? Yaya ake sa murya ta yi kama da ta rediyon da? Kuma zan iya sa tsofaffin waƙoƙin a ciki?

Mai Gyaran Rikoda:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sa kaset ko ɗaya a na'ura sai ka duba na'urar tukuna, domin rikodar da ta daɗe a ajiye ita ce ke cin zare.

Ka guji 'yan ƙananan na'urorin nan masu arha da ake jonawa da USB. Injinsu ba ya tafiya daidai, sai ka ji goge ko kukuma na rawa kamar mai jin sanyi. Nemi babbar rikoda ta ɗaki mai mafitar sauti ja da fari a baya. Abu na farko da ke mutuwa a cikinta bel ne: ko ya saki, ko ya narke ya zama baƙin danƙo. A canza shi. Sannan ka jiƙa auduga da sifirit mai ƙarfi, na kashi 90 ko fiye, ka goge hed, wato ƙarfen da ke karanta sautin zare, da siririn ƙarfen da ke jan zare har sai auduga ta daina fitowa da launin ƙasa. Robar da ke matse zaren kuwa ruwa kaɗan ya ishe ta, sifirit na busar da ita. In ta yi sulɓi ko ta ƙandare, ita ce za ta nannaɗe maka zare.

Shi kuma kaset ɗin, duba ɗan soson da ke bayan zare a tsakiya. Yakan faɗi saboda gam ɗinsa ya bushe, in babu shi sauti zai fito a dushe. Kwance sukurori biyar ɗin, ka mayar da zaren cikin gidan wani kaset mai lafiya. Kafin ka kunna, tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya, don zaren ya warware. A yi hattara da C-120, zarensa siriri ne ƙwarai, saurin tsinkewa gare shi.

Ga wanda mutane suka fi mantawa. A gefen hed akwai ɗan sukuru mai sifirin. Kowane kaset an ɗauke shi ne a wata rikoda da hed ɗinta ya ɗan karkata ta wata fuska, shi ya sa kaset ɗaya zai fito tas, na gaba ya fito kamar an toshe bakin mawaƙin. Kunna kaset, haɗe hagu da dama su zama sauti ɗaya, ka riƙa juya sukurun a hankali, bai fi rubu'in juyi kowane gefe ba, har ka ji "s" da "sh" sun fito fili. Kowane kaset sai an yi masa nasa. Abin da ka rasa a nan ba ya dawowa a kwamfuta.

Injiniyar Sauti:
Abin da Malam ya faɗa haka yake. Bari in ɗora daga inda wayar ta fito.

Kada a soka ta a ramin makirufo na kwamfuta, sautin rikoda ya fi ƙarfinsa, zai fashe. A sayi ƙaramin akwatin sauti irin Behringer UCA202, a ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. A saita 44,100 Hz, a bar mafi ƙarfin sauti ya tsaya wajen -6 dB. A ajiye wannan kwafin na farko a WAV a wuri biyu, kada a taɓa shi. Duk gyara a kan kwafinsa za a yi.

In ka ji ƙugi a ƙasa, wutar lantarki ce, a 50 Hz take, da 'ya'yanta a 100 da 150. Fara cire cajar kwamfutar ka ɗauka da batir, sau da yawa shi ke nan. In ƙugin a cikin zaren yake tun asali, a yanke waɗannan wurare uku da siririyar matata. Amma kafin ka yanke, duba inda ya tsaya: in ka gan shi a 52 maimakon 50, alama ce kaset ɗin ya ƙara gudu da kusan kashi 4 cikin ɗari, sai a rage saurinsa. Ƙiyasi ne, don wutarmu ba kullum take tsayawa a 50 cif ba, amma yana taimakawa.

Shuuu ɗin kaset kuma, zaɓi daƙiƙa biyu inda babu magana, ka nuna wa manhajar, ka rage da 6 zuwa 9 dB kawai. In ka zarce 12 muryar za ta koma kamar daga cikin randa take fitowa.

Batun muryar rediyon da: a matsakaicin zango tazarar tasha da tasha 9 kHz ce a nahiyarmu, don haka sautin da ke isowa kunne bai cika wuce 4,500 Hz ba. Mayar da muryar sauti ɗaya, yanke ƙasa da 200 da sama da 4,500, ka ɗan matse ta. Shawarata, a yi haka a buɗe shiri kawai, daƙiƙa 15 zuwa 20. Minti 30 a haka da abin kunne yana gajiyar da mai sauraro.

A fitar a MP3, sauti ɗaya, 64 kbps. Minti 30 zai zo kusan MB 14, wanda mai ƙaramin data zai iya saukewa ya tura a WhatsApp. Ƙarfin sauti, a ma'aunin LUFS, -19 in ɗaya ne, -16 in hagu da dama ne.

Ɗalibin Shari'a:
Tambaya ta uku ce mai haɗari, ɗan'uwa. Mallakar kaset ba mallakar waƙa ba ce. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa da kiɗanta na da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan haƙƙin na hannun magada har ƙarshen 2069. Ɗaukar sautin kanta tana da shekara 50, shirin da tasha ta watsa shi ma 50, wato abin da aka watsa a 1985 na tashar ne har 2035. A kaset ɗaya za ka iya samun masu haƙƙi uku.

Maganar da ake yawo da ita cewa daƙiƙa 30 ba laifi, babu wannan adadi a doka. Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙasa ma ba ya kare kowa. Spotify na sauke shirin da aka kai ƙara a kansa, YouTube kuma na da na'urar da ke gane waƙa da kanta. Lasisin da gidan rediyo ke da shi na watsawa ne, fodkas kuwa saukewa ake yi, kowane mai sauraro da kwafinsa. Nemi izini a rubuce daga magada da kuma tashar, ka tuntuɓi MCSN, ƙungiyar kula da haƙƙin mallakar waƙoƙi ta Najeriya, ka ji ko waƙar na cikin waɗanda suke wakilta.

Mai Sauraro:
Na gode ƙwarai. To in izinin bai samu ba, shirin ya mutu ke nan?

Tsohon Ɗan Zaɓe:
Ko kusa, ɗana. Waƙoƙin nan ana samunsu a ko'ina yanzu, amma kewar ba ta tafi ba, domin abin da ake kewa shi ne tsarin. Shiri na da rana da lokaci, yana da take da ake gane shi tun daga nesa, mai gabatarwa ba ya gaggawa, kuma mutum na jin an kira sunansa da garinsu da unguwarsu. Tashar Rediyon Kaduna tun 1962 aka kafa ta, kuma katin zaɓe, wanda ake aikawa rediyo don zaɓar waƙa da gaisuwa, shi ne ya ƙulla zumunci tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Don haka ka tsayar da rana ɗaya a mako, kada ka saɓa. Samo mai gurmi ko mai kalangu ya kaɗa maka take naka na daƙiƙa 20, ka biya shi, ku rubuta yarjejeniya cewa na shirin ne. Buɗe lambar da za a riƙa turo gaisuwa da murya, kada kowa ya wuce daƙiƙa 30, ka ware minti 5 a ƙarshe. Sauran lokacin ka ba tsofaffin ma'aikatan rediyo da 'yan kulob ɗin zaɓe, su ba da labarin yadda ake tace kati da yadda ake yanka zare da reza a haɗe. In za ka je wurinsu, a zauna a ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka, makirufo kamar taƙi ɗaya daga baki, kuma ka ɗauki amincewarsu da muryarsu a farkon hirar.