Tsoffin firinsifa, me kuke tunawa da ɗalibanku?

Salamu alaikum jama'a. Babana ya yi ritaya daga firinsifa na wata sakandare a Agege da ke Legas, kullum labarinsa asambili ne da safe, yara a jere suna rera taken ƙasa, masu latti sun durƙusa bakin get suna tsintar leda. Ku ma haka kuka sha fama?

Wa alaikumus salam ɗana. Ni ma na riƙe makaranta a Idi Araba, abin da ya fi ba ni wahala damina ce, ruwa ya cika kwata, yaro ya taho daga Mile 12 cikin bas ɗin haya ta danfo go-slow ya riƙe shi awa biyu sannan ka ce za ka zane shi? Haba. Sai dai in kau da kai.

Malam gaskiya ne. Mu kuwa ranar gama WAEC muke jira, kowa ya kawo biro a rubuce farar rigar makaranta tas, firinsifa yana ta faɗa amma ƙarshe shi ma ya sa hannu a bayan rigata, har yau tana cikin akwati.

Kun manta intahaus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta, Yarabawa da Hausawa da Ibo gida ɗaya, ana ihun yalo hawus har murya ta dushe.