Kayan sojan kakanmu na yaƙin Hitila, in sayar ko in ajiye?

ɗan_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku ban shawara. Akwai akwatin ƙarfe na kakanmu Allah ya jiƙansa, ya yi sojan Faransa lokacin yaƙin Hitila, da aka raba gado ya faɗo hannun babana shi kuma ya ce in san yadda zan yi da shi. A ciki akwai medai uku, ɗaya kuros ce da takubba biyu a gicciye an rubuta 1939 a bayanta, ɗaya kuma akwai ɗan ƙarfe a jikin ƙyallenta an rubuta KOUFRA. Sai banati da ya yi tsatsa, da ɗan littafinsa na soja gara ta ci gefe, da kwanson harsasai, biyu ma da kansu ba a harba ba. Wani mai sayen kayan da ya zo ya taya medai ɗin kawai, ya ce takardu ba su da amfani in riƙe abina. Toh gaskiya ne? Kuma in goge su da Brasso, man goge ƙarfe, tukuna ko kuɗin zai ƙaru?

Malamin_tarihi_Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka goge komai, kuma kar ka raba medai da littafin nan, wallahi littafin shi ne kan maganar gaba ɗaya. Medai na Faransa yawanci ba a buga sunan mai ita a jiki, ba kamar na Ingila na yaƙin 1914 ba da za ka ga suna da lambar soja a gefen, to in ka cire takarda me ya rage? Kuros ɗin da ka faɗa Croix de guerre ce, an buga ta da yawan gaske, ita kaɗai ba tsada gare ta ba. Amma in tana tare da littafi mai suna, lambar soja, garin da aka ɗauke shi da wuraren da ya je, nan ne ta zama ta mutum ɗaya tak a duniya.

Wannan ƙarfen mai KOUFRA kuwa, wato Kufra da ke hamadar Libiya, ka riƙe shi da kyau. Chadi ta bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Hitila, ranar 26 ga Agusta 1940 ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, washegari hafsansa Leclerc ya karɓe Duwala a Kamaru. Daga Chadi aka haɗa runduna, mafi yawansu baƙar fata, suka keta Sahara ta Faya har cikin Libiya, Italiyawan da ke Kufra suka miƙa wuya 1 ga Maris 1941. A can Leclerc ya rantsar da su ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a Strasbourg, garin Faransa da Jamus ta ƙwace. Abin da ke ci min rai, a 1943 da za a mayar da rundunar ta tankoki sai aka cire baƙaƙen fata, ranar da aka shiga Strasbourg a Nuwamba 1944 waɗanda suka sha ƙishin hamada ba sa cikin hoton. Fanshonsu ma an daskarar da shi tun 1959, da yawa sun rasu kafin a gyara. Shi ya sa takardar da ke gidanka take da nauyi, sau da yawa ita kaɗai ce shaidar cewa mutum ya je. Ka buɗe littafin a hankali ka duba ko an rubuta Koufra ko Fezzan, wani yankin Libiya, domin ana sayar da irin wannan ƙarfen daban a maƙala. In kana son ƙarin bayani akwai ma'ajiyar takardun sojoji a garin Pau can Faransa, iyali na iya rubuta musu da suna da lambar soja.

Baba_tsohon_soja:
Ɗana, ni maganar harsasai biyun nan ce ta dame ni. Kar ka yi yawo da su, kar ka sa a aljihu ka hau mota, ka san yadda shingen jandarma yake daga Garwa zuwa Marwa balle Mora da Kusuri, ba wanda zai tsaya jin tarihin kaka in ya ga harsashi a jakarka a wannan zamani. Dokar makamai ta 2016 ba wasa ba ce. Ka sa babanka ya yi wa mai unguwa magana, a je tare a sanar da birged na jandarma su zo su ɗauka. Tsohon harsashi bai mutu ba, ya shiga wuta zai tashi.

Kwanson da aka riga aka harba ka juya gindinsa, akwai haruffa da lambobi, galibi shekara ce da alamar masana'anta. Banati kuma man keken ɗinki da tsumma mai laushi sun isa, ban da sanfefa, ban da kai wa maƙeri ya wasa. Ƙyallen medai kar ruwa ya taɓa shi.

'yar_Kusuri:
Ni dai yaya zan faɗi nawa ko ba a so. Kowa yana cewa a ajiye a ajiye, amma a ina? Gidajenmu damina ta zo rufi na yoyo, gara, ambaliya, wata rana yaro ya ɗauki medai ya kai wa masu gwangwan a kilo. In iyali suna cikin matsi ba laifi ba ne su sayar, dukiyarsu ce. Abin da zan roƙa kawai ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, gaba da baya, ka tura wa dangi a WhatsApp kowa ya samu, kuma kar a yi wa littafin lamineti zafin yana kashe tawada. Mu nan aka yi yaƙin da aka kashe Rabe da Lamy, kwamandan Faransawa, 22 ga Afrilu 1900, sunan Lamy aka sa wa birnin da ke tsallaken kogi har 1973 da ya koma Njamena, amma ka zagaya gari ka nemi bindiga ko tutar mutanen Rabe ka gani ko za ka samu cikin sauƙi. Gidan tarihi ɗaya a Paris yana da kayan Chadi sama da 9,000, na Kamaru a Jamus an ƙirga sama da 40,000. In za ka sayar ka fara tambayar masu tarawa na gida, ko ka yi magana da gidan tarihi, kafin ka miƙa wa wanda zai fitar.

mai_tara_kayan_da:
Malam ya gama magana kan littafi, Allah ya ƙara sani. Ni ina tara irin kayan nan ne, mafi yawa na zamanin Jamus, kuma zan ce maka mai tayin nan ko bai san sana'ar ba ko yana so ya karya farashi ne, domin duk mai tarawa na gaske kaya da takardunsa yake nema a haɗe.

Ga masu sha'awar fara tarawa kuma ku yi hattara da "na Dutsen Mora ne". Gaskiya Kyaftin von Raben na Jamus ya riƙe dutsen tun Agusta 1914 har 18 ga Fabrairu 1916, shi ne na ƙarshe da ya miƙa wuya a Kamaru, Garwa ta riga ta faɗi tun Yuni 1915, kuma manoma suna tsintar kwanso da maɓallai a wuraren. Amma yanzu kowane ƙarfe mai tsatsa sai a ce na Jamus ne. Sojojinsu baƙaƙe da yawa tsohuwar Mauser ta 1871 suka riƙe, harsashinta mai kauri ne milimita 11, in aka kawo maka na Kalashi ka san na jiya ne. Takubba ma haka, a ƙera yau a binne a ƙasa mai gishiri wata biyu a ce na dakarun Mandara ne. Sulke na da ka duba zobbansa, ko dai an dashe bakin kowanne da ɗan ƙusa ko kuma zobe ne ɗaya ba tsaga, na fantaziyar Sallah waya ce kawai aka lanƙwasa. Kuɗin azurfa mai kan mace da 1780 a jiki shi ma kar shekarar ta ruɗe ku, duk wanda aka buga daga baya 1780 ɗin aka ci gaba da sa masa.

Ɗan Garwa ka sako hoton medai ta ukun da ba ka bayyana ba, da gindin banatin wajen da lamba take, amma ka rufe sunan kakanku da yatsa kafin ka ɗauka.