Dashen haƙori a Turkiyya kafin bikin 'yata: in tafi ko in haƙura?

Maman Rabi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon maganata, abin ya hana ni barci.

Ni 'yar kasuwa ce, atamfa da leshi nake sayarwa a kasuwar Kejetia nan Kumasi, gidanmu Aboabo. Bara waccan pragya, keken haya mai ƙafa uku, ta kife da mu a hanyar Asawase muna dawowa daga suna. Bakina ya daki ƙarfe, haƙorin gaba ɗaya ya fita a wurin, na kusa da shi ya tsage har aka cire shi daga baya. Direban ɗan maƙwabtanmu ne. Uwarsa ta zo ta durƙusa tana kuka, maigida ya ce a bar wa Allah, ko kuɗin magani ba mu karɓa ba. Wata bai cika ba na ga yaron ya koma kan hanya yana gudu kamar da, uwar kuma yanzu sai ta ga dama take gaishe ni. To, wannan daban. Akwai kuma turame biyu na ƙasa da suka rube tun goyon autana. An yi mini na roba, na sawa da cirewa, amma ba ya zama. A wani biki ina cikin gaisawa da mutane ya zamo, sai da na tare da mayafi. Naman layya bana daka mini aka yi.

Yanzu 'yata ta fari za ta yi aure nan da wata biyu da 'yan kwanaki, dangin ango daga Nima za su zo. Na tambayi kuɗin dashe a wani asibitin kuɗi nan Kumasi, guda huɗu suka ce ya haura sidi 60,000, wato miliyan 600 a tsohon kuɗi. Katin inshorar lafiya na NHIS kuma cirewa da ƙaramin ciko yake biya, ba ruwansa da dashe. Sai na ga wani asibiti na Istanbul a TikTok, muka yi magana ta WhatsApp, na tura musu hoton bakina, suka ce dala 2,400 har da otal da motar ɗauko ni daga filin jirgi. Niyyata mu tafi da ƙanwata mako guda, a yi haƙoran, mu yi ziyara, in saro abaya a kasuwar Laleli in mayar da kuɗin jirgi. Tun da na yi aure ban taɓa sanin wani abu wai shi hutu ba. Wanda ya taɓa zuwa ya ba ni shawara don Allah.

Alhaji Ɗanlami: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki tafi. Shawarar ke nan, sauran duk surutu ne. Ni Santambul gida ce a wurina, can nake saro kaya. Haƙorana na gaba guda 8 can aka yi mini, kwana 5 aka gama, duk wanda ya san ni a Alabar ya gani. Turkish Airlines daga Accra kai tsaye, wajen awa 7 kin sauka. Ki je Kanda a Accra ki kalli babban masallacin da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, sannan ki gaya mini ko mutanen da suka yi wannan aiki haƙori huɗu zai gagare su. Ki sauka unguwar Fatih, ki yi salla a Ayasofya, tun 2020 aka mayar da shi masallaci, ki je Eyub ki ziyarci kabarin Sayyidina Abu Ayyub al-Ansari. Ga lafiya, ga lada, ga riba.

Inna Talatu: Allah sarki Maman Rabi. Yaran pragya ɗin nan sai Allah. Jikana suka buge a Sawaba, ƙafarsa har yau ba ta koma daidai ba, mai keken ko asibiti bai leƙo ba. Kuma da ka yi magana a ce zumunci, a ce ɗan zango ne. Zumuncin kullum a kanmu yake ƙarewa.

Sista Habiba: Anti, ni da likitan haƙori nake aiki a Accra. Kafin komai, abin da aka yi wa Alhaji da abin da kike nema ba ɗaya ba ne. Wanda haƙoransa ke nan a tsaye, fiƙe su ake yi a sa musu hula ta tangaran, wannan kam ana gamawa cikin 'yan kwanaki. Ke naki babu su. Dashe shi ne a huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura ƙusa ta ƙarfen taitaniyom, a rufe, a jira ƙashi ya kama ta, yawanci wata 3 zuwa 6, sannan a ɗora haƙori na dindindin a kai. Kamar ginshiƙi ne da aka zuba wa siminti, ba a ɗora masa rufi yana ɗanye. Ke nan tafiya biyu ce, tikiti biyu, otal biyu. Ki tambaye su a rubuce: dala 2,400 ɗin nan har da zuwa na biyu da haƙoran ƙarshe, ko kuɗin ƙusoshi ne kawai?

Na biyu, hoton da kika tura na waya ne ko na asibiti? In na waya ne, ba su ga komai ba. Wurin da aka cire haƙori ƙashinsa janyewa yake yi, na turamenki kuma shekaru ne. In ƙashin bai isa ba sai an yi ƙari, kuɗi ya hau, jira ya ƙaru. Ki yi hoton baki gaba ɗaya a nan, asibitin Komfo Anokye suna da sashen haƙori. Kina da suga ko hawan jini?

Alhaji Ɗanlami: Sista, da girmamawa, ku ma'aikatan nan kullum haka kuke, ku tsorata mutum don kuɗin ya tsaya a hannunku. Can rana ɗaya ake dasawa a sa haƙori, da idona na ga Turawan Ingila da Jamus cike da wurin. Su ba su san ciwon kansu ba ne?

Sista Habiba: Ana yi, Baba Alhaji, amma na wucin gadi ake sawa ranar, kuma sai ƙashi mai kyau. Na gasken sai an koma. Baturen Jamus awa 3 ne tsakaninsa da Istanbul, in wani abu ya kwance gobe ya koma. Anti daga Aboabo sai ta yi Accra tukuna, ga biza.

Maman Rabi: Na gode Sista. Hoton waya ne, amma mai haske sosai, 'yata ce ta ɗauka da fitila, kuma matar da nake magana da ita ta ce likitansu ya duba ya ce ba matsala. Mutane ne masu kirki, har gaisuwar Juma'a take turo mini. Ni dai ko na wucin gadin ne, in dai zai zauna ranar biki, ya ishe ni. Sauran daga baya.

Malam Awudu: Me ya sa kowa Turkiyya? Masar fa? Ɗana yana karatu a Azhar, zai tarbe ki, ya yi miki tafinta, ba ki biya kowa ba. EgyptAir na tashi daga Accra zuwa Alƙahira. Ki ziyarci Sayyidina Husaini, ki shiga kasuwar Khan al-Khalili, abaya kuwa ai gidanta ke nan. Katin rigakafin shawara kawai kada ki manta. A Turkiyya wa kika sani? In allura ta sake ki kina jin zafi da dare, da wane yare za ki yi kuka?

Alhaji Ɗanlami: Malam, Masar karatu. Haƙori Turkiyya. Kowa da fanninsa.

Ummu Yasir: Ni maganar biza ce tawa. Kada ki ba kowane ejan fasfonki da kuɗi a dunƙule. Wani a Accra ya karɓi kuɗin mijina, wata bakwai yana cewa mako mai zuwa, ƙarshe ofishin ma aka wayi gari ya zama shagon sayar da waya. Fasfon da ƙyar ya dawo. Abin haushi ɗan'uwan kishiyata ne ya haɗa su, har yau in na tayar da maganar sai a ce kishi ne. Kuɗin makarantar yara ne fa muka zuba.

Hajiya Mai Koko: Ni dai da ni ce, wannan kuɗi Umra zan tafi. Iyayenmu ai haka suka yi, su sauke farali su dawo da haƙorin Makka, ba wanda ya ce musu sai wata shida. Uwar amarya da haƙorin zinariya ai ado ne. Kuma 'yata ki riƙa tauna kanumfari, ki koma asuwaki.

Sista Habiba: Hajiya, haƙorin Makka shi ma hula ce a kan haƙorin da yake nan, ba ya cike giɓi. Anti Maman Rabi, ba ki amsa mini maganar suga ba.

Maman Rabi: Akwai ɗan suga, amma ba mai yawa ba, tun cikin autana ne. Ina shan magani in na ji jikina ba daidai ba. Ban gaya musu ba don ba su tambaya ba. Kuma gaskiya, 'yan'uwa, ba wai ban yi tunani ba ne. Shekara biyu ina rufe baki in zan yi dariya, masu sayen kaya suna kallon bakina maimakon leshi. Wanda bai rasa haƙorin gaba ba ba zai gane ba. Na riga na tura musu dala 500 kafin alƙalami don su riƙe mini rana, sun ce rangwamen ƙarshen wata zai ƙare.

Sista Habiba: Anti, wannan ita ce babbar maganar, ba kuɗi ba. Suga da ba a riƙe shi da kyau ba yana hana ciwo warkewa, yana jawo ƙwayoyin cuta a dasashi, dashen yana iya ƙin kamawa ya fita. Mai suga yana yin dashe, amma sai an daidaita shi tukuna, maganin kuma kullum ake sha, ba sai an ji jiki ba. Ki yi gwajin suga na wata 3 wannan makon. Asibitin da ya karɓi kuɗinki bai tambayi lafiyarki ba, ni kam ya ba ni tsoro. Ki ce su turo sunan likitan, da takardar izinin kula da baƙi 'yan ƙasar waje da Ma'aikatar Lafiya ta Turkiyya ke bayarwa, da sunan kamfanin ƙusar. Straumann, Nobel Biocare, Osstem, kowanne da irin sukurorinsa da makullinsa. In suka sa miki wanda ba a san shi a Ghana ba, ranar da ya yi girgiɗi likitan nan ba shi da abin kwancewa. Kuma ki yi lissafi: bayan aikin akwai kumburi, akwai ɗinki, abinci mai laushi na kwanaki. Da wannan fuskar za ki zaga Laleli kina ciniki?

Shawarata, a gyara miki na roban ko a yi sabo mai kama baki sosai don biki, kuɗinsa kaɗan ne. Bayan biki ki yi dashen a natse, can ko nan. Hutun kuma ki yi shi daban.

Alhaji Ɗanlami: Suga! Wa ba shi da suga yanzu? Ni ma ina da shi, ga ni nan ina cin tsire da haƙorana. Hajiya kada ki bari dala 500 ta bi ruwa. Ki ba ni ranar tafiyarki, akwai yarona a Aksaray, zai kai ki har ƙofa. Kayan ma in kin saro a haɗa da nawa a kago, ya fi miki sauƙi.

Baban Nasiru: Alhaji, tunda an zo nan, ba kai ne bara ka ce ruwan sanyi ya gagare ka ba, har ka je aka cire maka jijiya a Adum?

Alhaji Ɗanlami: Wannan haƙori ɗaya ne cikin takwas, kuma goro ne ya jawo.

Baban Nasiru: To. Araha dai ba ta ado. Maman Rabi, tambaya ɗaya: maigida ya san da dala 500 ɗin? Kuma kuɗin daga ina, ana tsakiyar kayan ɗaki?

Maman Rabi: Kuɗin susu na ne, wato adashi, gumina ne, ba na kowa ba. Kayan ɗaki saura gado da firji kawai, ribar abaya za ta rufe. Maigida ya san ina neman magani, tafiyar zan gaya masa in biza ta fito, don in na faɗa yanzu yayarsa za ta ji, in ta ji kuwa Aboabo ta ji. Na roba kuma Sista, na gode, amma na gaji da shi, ko sabo ne roba roba ne. Na tura musu tambayoyinki. Matar ta ce kada in damu, komai likita zai yi bayani in na iso, kuma ta rage mini dala 100.

Ummu Yasir: Haka ejan ɗinmu ma yake cewa, kada ku damu.

Malam Awudu: Na yi wa ɗana magana, ya ce zai tambayo farashi a Alƙahira ranar Asabar. Ki dakata.

Inna Talatu: Kuma uwar yaron nan ta san halin da kike ciki? Ya kamata ko rabin tikiti su biya.

Sista Habiba: Sunan ƙusar fa, Anti? Da maganar zuwa na biyu? Me suka ce?

Maman Rabi: Ba ta amsa wannan ba tukuna, ƙila dare ya yi a can. Alhaji, yaron naka na Aksaray yana jin Hausa?

Hajiya Mai Koko: In dai tafiyar ta tabbata ki taho mini da abaya biyu, baƙa da ruwan toka, lamba 56. Zan turo kuɗin ta MoMo.