Ina son wakilta yayana ya sayar mini da fili a Kano, wace takarda ake buƙata?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, kuma ina da fili a Kano mai takardar shaidar mallaka ta gwamnatin jiha. An sami mai saye, amma dawowata gida ba za ta yiwu a bana ba, don haka nake so yayana ya yi cinikin, ya sa hannu a madadina. Shin wasiƙar da zan rubuta da hannuna, shaidu biyu su rattaba hannu, ta wadatar? Idan kuma na fasa sayarwa daga baya, ta wace hanya zan janye wakilcin?

Mai Nazarin Shari'a:
Wa alaikumus salam, Malam. Wasiƙa ba za ta wadatar ba a sha'anin fili mai takardar gwamnati. Lauya ne ya kamata ya tsara maka takardar wakilci mai hatimi, a aiko maka da ita, ka sa hannu a gaban jami'in ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. Dalili kuwa shi ne, sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya sa kotu ta ɗauki takardar da aka sa wa hannu a gaban irin wannan jami'i a matsayin sahihiya, sai dai in wani ya kawo hujjar da ta rushe ta. Idan ta iso Kano, sai a biya kuɗin hatimi, a yi mata rajista a ofishin filaye.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da za a rubuta a ciki. A ambaci lambar filin da unguwarsa, da mafi ƙarancin farashin da ka yarda da shi, da asusun bankin da za a zuba kuɗin, da ranar da wakilcin zai ƙare, domin takardar da ta ce wakili ya yi duk abin da ya ga ya dace da dukiyarka ita ce ke raba 'yan'uwa. Kuma ko da wakili ne ya sa hannu, cinikin ba ya cika sai da amincewar Gwamna, kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada.

Almajirin Zaure:
Ƙari a kan bayanin Mai Nazarin Shari'a: a fiƙihun Malikiyya wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka gindaya masa. Haka nan bai halatta ya sayar wa kansa da abin da aka ba shi ya sayar ba sai da izinin mai shi, kuma wakilcin yana warwarewa da rasuwar wanda ya wakilta shi, dukiyar ta koma hannun magada.

Hajiyar Zariya:
Game da janyewa, ɗan'uwa, sai lauya ya rubuta takardar soke wakilci, a miƙa wa yayanka kwafi, a sanar da mai sayen, a kai ta ofishin da aka yi wa ta farko rajista. Kiran waya kaɗai ba zai kare ka ba idan an riga an ƙulla ciniki da wanda bai san ka janye ba.

Ina kuma jan kunnenka kan wani abu da ya zama ruwan dare: mai saye ya nemi a rubuta takardar wakilci da sunansa, wai ta tsaya a matsayin takardar ciniki, don gudun kuɗin neman amincewar Gwamna. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallakar fili ga wakili. Idan ka amince da haka, filin zai ci gaba da zama da sunanka a rajistar gwamnati, kuma kai za a riƙa nema kan kuɗin hayar ƙasa da gwamnati ke karɓa da duk rigimar da ta taso a kansa.